Kujeru Uku Kafin Jirgin Petersburg

"To me kake so, Baba? In zauna ina jiƙa kabeji a gishiri har in tsufa?"

Taisiya na tsaye da jaka a hannu, idanunta sun kaɗa. Jami'ar birnin Petersburg ta ɗauke ta karatun tsofaffin littattafan ƙasarsu, amma mahaifinta Miron ya ce ba da yawunsa ba. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu suka rage a gidan nan na garin Tambov.

"Tatsuniyoyin matattu," ya ce, yana feren dankali. "Su za su ciyar da ke?"

"Matattun sun fi mu rai! A cikinsu na ga zamanin da ake sayar da manomi tare da gona, irin kakanninmu, kowa ya kama bakinsa. Yau ma rufin makaranta na yoyo, kuna cewa haka aka saba..."

Gleb, saurayinta, ya matso daga bakin ƙofa. Tare za su tafi.

"Taisiya, sanyin idona, sassauta. Miron Kuzmich, na yi maka alkawari..."

"Wa ya sa da kai, mai tabarau? Ko ƙusa ba ka iya bugawa ba."

Ta juya. Ashe haka za ta bar gida, babu albarka, babu sallama? Ta kama ƙofar.

"Dakata."

Tsohon ya goge hannu a wando. Ya jawo kujera ya ajiye, ya jawo ta biyu. Ya daɗe yana kallon Gleb, sannan ya jawo ta uku.

"A zauna kafin hanya."

A al'adarsu, wannan ɗan zaman shirun kafin tafiya, na gida kaɗai ake yi wa, wanda ake fatan ya isa lafiya ya dawo.

Suka zauna, babu mai cewa uffan.

Mahaifinta ne ya fara miƙewa.

"Kai, mai tabarau. In ta kama littafi mantawa take da abinci, ka sa ido. Da bazara ka turo min iyayenka."

Ta faɗa ƙirjinsa. "Baba... na gode, Babana..."

"Tashi, ja'ira, kin jiƙa min riga." Ya ɗauki jakar da kansa. "In kin gama da littafin kakannin nan, ki aiko min. Mai manyan baƙaƙe."