Naman da Aka Ajiye a Ƙofar Roda

Ana shan shayin safe a ofishin 'yan sanda na Tasiluk aka kira ta oba-oba, rediyon hannu, cewa an ga gawar Lukasi Utak a mashigar tafki. Wani masunci ne ya gan ta. Bai taɓa komai ba, ya juyo gida.

Sufeto Nauya ta ajiye kofinta. Saje Tomasi ya tsaya sai da ya shanye nasa, ya ce wanda sanyi ya kashe ba inda za shi.

"Wa ya ce maka sanyi ne?"

"Ranki ya daɗe, a wannan watan ko tsufa ne ya kashe mutum, sanyi ake ɗora wa."

Suka hau baburan ƙanƙara suka fita kafin ɗan hasken ranar ya ƙare.

Mashigar wuri ne da tafkin ya tsuke, inda garken barewa ke ƙetarewa duk hunturu idan yana ƙaura zuwa duwatsu. A can suka tarar da Lukasi zaune, ya jingina da babur ɗinsa, hannuwansa cikin hammata. Babu rauni a jikinsa. Ya ƙona kujerar babur ɗin da katako ɗaya na amalanken da yake ja, don ya ji ɗumi.

Tomasi ya ce inji ne ya mutu. Nauya ta ɗaga murfin injin. Babu bel ɗin da ke juya shi. Ta buɗe akwatin kayan gyara, nan ma na ajiyar babu. Babu bindiga, babu oba-oba.

A kan amalanken akwai buhu cike da harsunan barewa da naman gadon baya, duk sun daskare. Can gefe kuma jini ne a kan dusar ƙanƙara, wuri-wuri. An tara kayan ciki waje ɗaya tsaf. Ba fata, ba ƙashi, ba kai.

"Wannan ba fiɗar Lukasi ba ce," in ji Tomasi.

Duk garin an san aikin Lukasi. Harshe da gadon baya yake yankewa ya aika birni ta jirgi, sauran ya bar wa kyarketai.

Iska ta share sawun mutane, amma ba ta iya share na garken ba. Nauya ta bi shi da ido. Ya zo har bakin mashigar, sannan ya juya ya nufi yamma. Lukasi ya sake harbe na gaba ke nan.

Ko yaron goye a Tasiluk ya san ba a taɓa bareyin da ke jan garke. A bar su su wuce, sauran za su bi sawunsu, kowa ya samu. Idan aka harbe su, garken ya canza hanya. Bara ma haka Lukasi ya yi, sai da mafarauta suka yi nisan da ba su saba ba. A wannan tafiyar bel ya tsinke wa Mosesi, ɗan tsoho Amaruk tilo, aka tsinci gawarsa a zaune, hannuwa cikin hammata.

Nauya ta mayar da murfin injin a hankali. Sunan da take amsawa na mahaifiyar Amaruk ne, wadda ta rasu makon da aka haife ta. A Tasiluk an yi imani cewa jaririn da aka raɗa wa sunan mamaci, mamacin ne ya dawo. Tun tana zanin goyo dattijon yake kiranta Inna, ita kuma ta ce masa ɗana. Ba ta faɗa wa Tomasi abin da ke ranta ba. Ta ce rabin garin na jin haushin Lukasi, su fara da abokin farautarsa, Sailas.

Sailas ya rantse yana gida duk makon, gyaran tukunyar ɗumama ɗaki yake yi.

"Tukunyar ce ta ciji kumatunka?" in ji Nauya.

Ya kai hannu ya rufe farin tabon da sanyi ya yi masa. Tomasi ya ce shi dai bai taɓa ganin tukunyar da ke shanye jarkokin fetur ba, ga su nan a zaure wayam.

Sailas ya zauna. Ya amsa cewa tare suka fita, kuma su suka harbe na gaba. Shi ya juyo da wuri saboda fuskarsa, ya bar Lukasi yana jiran ko garken zai dawo.

"Injinsa fa?"

"Lafiya lau. Ni na sa masa sabon bel kafin mu fita."

"Bareyin da kuka harbe fa?"

"Suna nan kwance da fatarsu. Ba mu da lokacin fiɗa."

Bai ga kowa a hanya ba. Nauya ta yarda da wannan, domin mai tsoro irin Sailas da ya ga wani da tuni ya jefa masa laifin.

Gidan Lukasi cike yake da mata masu ta'aziyya. Roda, matarsa, ta ja su kicin. Idanunta sun kumbura, amma ba ta manta da baƙunta ba, ta zuba musu romo. Tomasi ya kurɓa ya lumshe ido. Nauya ta juya cokali ta ga ɓargo fari tas, na barewar da ba ta daɗe da mutuwa ba.

Ta tambayi inda naman ya fito. Roda ta ce Lukasi ne ya ajiye musu tun kaka.

"Roda, yaushe Lukasi ya fara kawo ƙashi gida?"

Matar ta juya ta goge tebur ɗin da ba shi da datti. Da ta gama, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada na falo su ji. Jiya da safe ta tsinci cinya guda a zaurenta. Daga baya ta ji an ajiye irinta a gidan duk matar da mijinta ya mutu a garin. Ta ɗauka mai rabon ya yi kuskuren ƙofa ne cikin duhu. Yara sun daɗe ba su ci barewa ba, sai ta dafa ta yi shiru.

"Jiya da safe," in ji Nauya.

"Jiya."

"Yau aka ga gawar."

Roda ta dube ta, ta dubi tukunyar. Tomasi ya ture kwanonsa gefe.

Da suka fito ya ce sai su bi gida-gida su ji wa ya yi rabon. Nauya ta ce ba sai sun bi ba. Ita ma jiya ta tsinci ƙirjin barewa a zaurenta, kuma mutum ɗaya ne ke kawo mata nama. Har ta yi murna cewa ya koma farauta bayan shekara guda yana zaune. Abin da bai zo mata a rai ba sai yanzu shi ne, babu harshe a ciki.

Suka sami Amaruk a rumfar bayan gidansa yana kankare fata. Wasu fatun na rataye, sababbi. Ya ɗago kai ya yi murmushi.

"Inna, kin zo da ɗan rakiya? Tomasi, zauna, kada ƙibar ta kayar da kai."

"Ɗana, ina ka samo waɗannan?"

Ya ce gabas, bayan duwatsu. Wasu 'yan tsiraru ne suka ɓalle daga garke, ya yi sa'a.

"Ina harsunan?"

"Na cinye a hanya."

"Duka?"

"Yunwa, Inna. Tsufa ba ya hana ta."

"Tun ba ni da haƙori kake kawo min harshe. Ba ka taɓa ci kafin ni ba. Harsunan suna cikin buhun Lukasi."

Ya ci gaba da kankara.

"Me ya sa ka kai wa Roda kaso?"

Wuƙar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon fatar, kamar sai yanzu ya tuna ya yi hakan.

"Mijinta ya mutu," ya ce. "Mace idan mijinta ya mutu ana kai mata nata. Ke kika koya min."

"A lokacin ba wanda ya san ya mutu."

"Ni na sani."

Ya goge wuƙar a gwiwarsa ya ajiye. Ya miƙe ya ɗaga wata tsohuwar fata a lungu. Bel biyu ne a ƙarƙashi, da bindiga, da oba-oba. Ya ce ba nasa ba ne, a mayar wa iyalin.

Tomasi ya tuna masa cewa yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Amaruk ya ce shekara guda ya yi yana shiru, ta ishe shi.

Ya ba da labarin ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya hau tudu ne don ya ga garken ya ƙetare, domin ya yi niyyar bana zai bar na gaba su wuce ya ɗauki biyu daga baya. Yana kallo aka buɗe musu wuta, yana kallo garken ya juya. Ya jira Sailas ya tafi, sannan ya sauko ya ɗora wa Lukasi bindiga, ya sa shi ya cire bel ɗin da hannunsa.

"Daga nan ka tafi?" in ji Nauya.

"In bar nama ya lalace? Na zauna na feɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana kallo. Ban yi sauri ba."

Lukasi ya fara da dariya, ya koma zagi. Da sanyi ya fara shigarsa sai ya koma roƙo, yana kiransa kawu. Ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Ya ambaci 'ya'yansa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce Mosesi ma ya yi ta kira, babu wanda ya ji. Shi ya yi sa'a, akwai mai jinsa." Ya dube ta ido cikin ido. "Ban taɓa jikinsa ba, Inna. Ban taɓa buhunsa ba. Abin da ya bar wa ɗana na bar masa. Da zai tashi yau, gobe zan sake cire masa."

Nauya ta so ya ce bai yi nufin kisa ba, ko ya ce ya yi niyyar komawa. Ta ba shi lokaci. Bai ce ba.

Ta faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi. Tomasi ya ciro ankwa yana juya ta a hannu, ya kasa matsawa. Ita ta karɓa ta sa masa, a kan hannun rigar fatarsa don kada ƙarfen ya ƙone shi da sanyi.

Labari ya riga su fita. Mutane sun tsaya a ƙofofinsu. Roda na tsakiyar hanya ba hula, sanyi ya mayar da gashinta fari.

"Na dafa wa 'ya'yansa," ta ce. "Sun ci, sun ƙara."

"Kasonki ne, 'yata," in ji Amaruk.

"Ni ba 'yarka ba ce. A can za ka mutu, cikin ɗakin siminti. Ranar da labarin ya zo zan bi duk mai ciki a garin nan gida-gida. Babu jaririn da za a raɗa wa Amaruk. Ba wanda zai dawo da kai."

Wata tsohuwa ta rufe bakinta da hannu. Dattijon da bai girgiza ba a gaban ankwa ya yi taga-taga, sai da Tomasi ya tare shi. Ya juyo ya dubi Nauya. Ya san ba ta da ɗa, kuma ya san ko tana da shi ba za ta iya yi masa alkawarin suna a gaban wannan matar ba.

Ta kama gwiwar hannunsa.

"Taho, ɗana," ta ce. "Jirgin birni ba zai jira mu ba."