Matar Kududdufin Gamji

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, shekara biyu da rabi ke nan, da ƙarfe tara na safe, tifa ta farko ta juye jar ƙasa a cikin Kududdufin Gamji. Ina tsaye a wurin. Na duba agogona. Daga ranar aka fara zalunci a unguwar nan.

Ku matso. Tabawa, ɗaga fitilar nan in ga fuskarki, don babanki yana cikin labarin.

Ku ba ku san asalin kududdufin ba. Duk gidan ƙasa da ke unguwar Gangare, daga can kakanninmu suka haƙo ƙasar gininsa. Da damina ruwan unguwa ya gangara ramin ya kwanta. Kafin ruwan fari mukan fito gayya mu yashe hanyarsa, kuma ba mai wucewa ta bakinsa da almuru bai yi sallama ba. Sai Sa'adu, ɗan baffana, baban Tabawa, ya zama shugaban kwamitin unguwa. Mutumin da na koya wa riƙon fensir. Ya ce matattarar sauro ce, a cike a gina shaguna. Takarda uku na rubuta masa. Ya ce, "Yaya Malam, ka yi ritaya, ka huta mana."

Babban hadarin farko na daminar ya taso wata Alhamis bayan la'asar. Ina dawowa daga ta'aziyya, ina tura kekena. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke. Ko kwaɗo bai yi kuka ba. Sannan ruwa ya ɓarke.

Na raɓe a rumfar sababbin shagunan. Duk an rufe. Sai ga mace tsaye a fili, daidai inda zurfin kududdufin yake a da. Dattijuwa ce, da zanen saƙi, da ƙoƙo a hannu. Ruwa yana dukan kwano har kunne na ciwo, amma ina jin numfashinta.

Na ce, "Sannu, Iya. Shigo daga ruwa."

"Malam Ilu, ba ka yi sallama ba."

Muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga ƙarƙashin takalmina ta fito, kamar mai magana a rijiya.

Na yi sallama. Ta amsa, cikakkiya.

"Ina ƙofar ɗakina?"

"Wane ɗaki, Iya?"

"Kana tsaye a kansa."

Aka yi walƙiya. Na dubi ƙasa. Zanenta ya tsaya a ƙwauri. Daga idon sawu zuwa ƙasa babu ƙafa, ruwa ne kawai yake zuba bai yanke ba. Shekara talatin da biyar ina koya wa yara cewa ruwa gangare yake bi. Ran nan na ga ruwan titi yana hawa, yana zuwa wurinta, kamar awaki sun hango mai dusa.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Ta jira har na kai ƙarshe.

"Ni ma ina karanta ta," in ji ta. "Ƙara na kawo."

"Ba ni na cike ba."

"Na sani. Amma kana da baki a cikinsu. Kakanninku sun roƙi ƙasa, na ba su, suka yi ɗakuna. Ramin da suka bari, nan na zauna. Yanzu an toshe. To, zan bi ƙasata. Duk inda aka kai ta, can zan kwana."

"Iya, masu gidajen ƙasa ba su suka yi ba. Talakawa ne."

"Siminti ba nawa ba ne. Ban san shi ba."

Ta taɓa gwiwarta. "Bana." Ta taɓa ƙugu. "Baɗi." Sannan ta ɗora hannu a wuyanta.

Na ce, "Me zai tsayar da ke?"

"A buɗe min ƙofa. Wanda ya rufe ya zo da kansa, da rana, gaban jama'a, ya ce ya yi laifi. Kada a yanka min komai, ba na ci." Ta ɗora ƙoƙon a sirdin kekena. "In ya cika, ina tafe."

Ban ga tafiyarta ba. Tsawonta ne ya yi ta raguwa, har babu.

Kafin asuba ruwa ya shiga Gangare. Da safe na ɗauki tsohuwar rulata ta allo na auna a bangon ɗakin Yaya Ladidi, yayata, mai gidan da ya fi kowanne gangarewa. Santimita arba'in da bakwai. Gwiwa. Gida tara suka zube. Bara, casa'in da biyar. Ƙugu. Gida ashirin da biyu, da rumbuna, da awakin mutane. A kan ƙyaure muka fito da Yaya Ladidi, tana ta faɗa. Shagunan kuwa ko tsagewa ba su yi ba.

Na kai maganar ƙofar masallaci, gaban dattawa. Sa'adu ya kwashe da dariya.

"Yaya Malam, da kai ke koyar da kimiyya, yanzu aljana ke koyar da kai? Ruwa daga Allah yake."

Na ce, "Ruwa daga Allah yake, tifa daga gare ka take. Bar zancen aljana. Rami mai zurfin gaba uku ka cike. Ruwan da ke kwana a ciki, ina ka ce ya tafi?"

Ya juya wurin jama'a ya ce a yi min uzuri, tsufa ya fara taɓa min kai. Aka watse ana murmushi.

Wannan ce damina ta uku. Na je wurin Yaya Ladidi na ce, "Yaya, ki dawo wurina a tudu." Ta ce, "Ilu, a ɗakin nan maigidana ya cika. An fitar da ni sau ɗaya kamar gawa, ba a ƙarawa sai na zama gawar." Ta hana a taɓa mata ko tabarma. Tana sallah na tsaya bayanta da rulata. Daga ƙasa, wuyanta bai kai inda wuyan matar kududdufin yake ba.

Tabawa, ɗage faifan nan. Eh, shi ne ƙoƙon. Ba wanda ya taɓa zuba masa ruwa. Da rani a bushe yake ƙamas. Shekaranjiya rabi ne.

Me kika ce? Ɗaga murya. Motsi yake? Haka yake yi in hadari ya haɗu a gabas. Saura yatsa biyu ya kai baki. Mayar da faifan a hankali.

In za ku koma gida, ku tafi tare. Kada ɗayanku ya bi ta bayan shagunan nan shi kaɗai in gari ya rufe. In ya zama dole, ya yi sallama, kuma kada ya dubi ƙasa.

Ke kuma ki kai wa babanki saƙona yadda na faɗa, kada ki rage ko kalma. Jibi Jumma'a, ana idar da sallah, ya zo Gamji da lasifikar da ya yi shelar cike ramin. Ya sari ƙasa da hannunsa, a buɗe hanyar ruwa, ko da shagon tsakiya zai tafi. Sannan ya kira gidaje talatin da ɗaya da sunayensu ya ba su haƙuri, ya fara da Yaya Ladidi, ya rufe da mai wurin, matar kududdufin. Nawa haƙurin kuma ina jiransa a ƙofar masallaci, a inda ya tsaya ya yi dariya, da irin muryar da ya yi ta.