Kwallin Manjo Sabo

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Sabo Mailafiya a unguwar Sheshe, don haka wannan labari ba a bakin mutane na tsinta ba. Sabo soja ne na gaske. In ya fito duba kayan yaƙi, sai ya zura ɗan yatsa a bakin kowace bindiga, ya buɗe akwatin harsashi da kansa, ya karanta takarda layi-layi kafin ya sa hannu. Wannan hali ne ya zaunar da shi a muƙamin Manjo shekara tara. Yaran da ya koya wa fareti suka samu iyayen gida a siyasa, suka tsallake shi, ya koma shi ke sara musu. Abin ya ci masa rai, kuma har nan ban ga laifinsa ba.

Laifin ya fara ne wata Juma'a da rana tsaka. Jama'a na tururuwa zuwa masallaci, shi kuwa ya kutsa wani lungu bayan Ƙofar Mazugal, wurin 'Yardada, tsohuwar da ke fakewa da sayar da daddawa alhali kowa ya san ainihin sana'arta. Ɗakinta ba taga. Akwai wata tsohuwar rijiya a tsakiyarsa, an rufe ta da baƙar fatar bunsuru, ƙore bakwai a kife kewaye da ita, wurin yana warin jini da turaren da ba na mutane ba. Ta sa ya cire aninin kafaɗarsa, ta ƙona shi a kasko, ta kankare baƙin ta haɗa da kwalli, tana magana da wani abu a cikin rijiyar. Abin yana amsa mata.

Sabo ya ce ƙarin girma yake so, amma shi dai kada a taɓa masa iyali. Tsohuwar ta yi dariya, ta ce ba ta son jinin kowa.

"Idonka nake so, ɗan nan. Daga yau duk takardar da aka ajiye a gabanka, ka sa hannu, kada ka karanta."

"Shi ke nan, Iya? Ba yanka, ba komai?"

"Shi ke nan. Ranar da ka karanta, ranar za ka sauko."

Ya ga abin da sauƙi, bawan Allah. Ya buɗe ido ta zizara masa kwallin.

Ba a yi wata biyu ba wani sanata ya ji labarin akwai hafsan da ba ya tambaya. Ya jawo shi jiki. Sunan Sabo ya fito a ƙarin girma, matarsa Hasana ta liƙa masa sabon anini tana hawayen murna. Daga nan sai hawa, har ya zama Birgediya Janar, ya rushe gidan ubansa ya tayar da bene. Mutanen sanatan ke kawo harsashi da tayoyi da mai, shi kuma yana sa hannu cewa komai ya cika. Yaran sanatan ke samun jagorancin bataliya, ƙwararru na zaune. Mu kuwa 'yan unguwa muna cin shinkafar walima muna cewa Allah ya yi wa Sabo buɗi.

Ɗa ɗaya gare shi namiji, Mustafa, wanda ya bi sawunsa ya zama Laftanar a ƙarƙashin rundunarsa. Yaron ya gaji ɗan yatsan uban. Da aka tura su daji fatattakar 'yan bindiga, motarsu ta mutu a kan hanya, aka yi musu kwanton ɓauna, suka ja kunama harsashi ya ƙi tashi. Mutum talatin da ɗaya suka kwanta a wurin, har da Mustafa.

A kotun soja aka ɗago wata takarda aka karanta. Rahoto ne da Mustafa ya rubuto mako uku kafin tafiyar, yana cewa ya gwada harsashin, cikin goma uku ne ke tashi, yana roƙon kwamanda ya zo ya duba da idonsa kafin a tura su. A ƙasanta an buga hatimi cewa an bincika, babu matsala, ga sa hannun Sabo raɗau. Ya karɓi takardar, ya karanta da kansa, karon farko cikin shekara goma sha ɗaya. A ranar aka tuɓe masa aninai. Sanatan ya ce bai taɓa saninsa ba.

Hasana ba ta sake dawowa hayyacinta ba. Tana nan tana yawo a Ƙofar Wambai, tana tsintar takardun ƙunshin ƙosai tana karanta wa mutane da ƙarfi, wai kada a sa hannu. Sabo ya koma lungun nan ya tarar da kango, rijiyar a buɗe.

Ina jin tausayinsa, amma ina jin haushinsa fiye da haka. Kai mai kwaɗayin kujera, ka ji tsoron Allah: duk wanda ya ɗora ka ba don cancanta ba, boka ne ko ɗan siyasa, akwai abin da zai karɓa, kuma ba zai faɗa maka sunansa ba. Sabo yana zauren gidansa yanzu, da buta a gefe. Tun safe yake wanke ido har sun yi jawur, yana tambayar duk mai wucewa ko kwallin ya fita.