Sunan da Amana Ke Jira

Da ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe, awarwaron da ke hannun Jauro Hammadu ya yi ɗumi, wata murya mai laushi ta fito daga cikinsa: "Baba, zauna a kan dutsen nan, kada ka ƙara taku ɗaya. Ga taimako nan tafe." Tsohon yana tsakiyar shanunsa a gangaren tsauni, shi kansa bai san zuciyarsa ta fara tuntuɓe ba. Kafin ya gama mitar cewa lafiyarsa ƙalau, ƙaramin jirgin asibiti marar matuƙi ya dira kusa da shi, shanu suka watse.

A ɗakin lura na asibitin Hosere Jam, Likita Barira ta ga ɗigon ja da ke kan allo ya koma kore. Ta yi ajiyar zuciya, ta kurɓi shayinta da ya riga ya huce. Mutum na goma sha tara ke nan da na'urarta ta ƙwato.

Sunan na'urar Amana. Ƙwaƙwalwa ce da aka girke a ƙarƙashin ginin asibitin, kunnuwanta kuma su ne awarwaron da mutum dubu huɗu na garin ke sanye da su. Kowane awarwaro yana jin bugun zuciya, yana auna oksijin a cikin jini, yana kuma yi wa mai shi magana da yarensa. Shekara goma Barira ta yi tana ƙera ta a Kano, birnin da a shekarar 2091 jiragen ƙasa ke bi ta saman gidaje, aka kuma rufe manyan titunansa da rumfunan sanyi. Babu asibitin birni da ya yarda a yi gwaji a cikinsa, sai wannan ɗan gari na kan tsauni, inda gajimare ke shigowa tsakar gida ba sallama. Sharaɗin hukuma ɗaya ne: idan Amana ta cika shekara biyu ba matsala, za a kai ta duk faɗin ƙasa, Barira ce kuma za ta shugabanci aikin.

Saboda haka ta tattara kayanta ta hau tsauni, tare da mahaifiyarta, Inna Tabawa, wadda tun a jirgin igiyar da ke haura da mutane tsaunin ta fara ƙorafi.

"Wannan gari ko shanya ba ta bushewa," in ji ta a satin farko. "Kwana uku zanina na kan igiya, kullum ƙara jiƙewa yake."

"Inna, ai ga na'urar busar da kaya na sayo miki."

"Ke dai ki rabu da ni da na'ura. Wata rana na'ura za ki kawo ta riƙa yi mini alwala."

Amma ba a yi wata biyu ba ta saba. Ta dasa tafasa da yakuwa a ɗan lambu bayan gidansu, ta yi ƙawance da Goggo Daso, babbar nas ɗin asibitin, ta koyi gaisuwar Fulani tana karya ta son ranta. Duk maraice sai Barira ta tarar da tuwo da zafinsa, da tsohuwa zaune ta sha kwalli, tana jiran ta ji labarin wanda aka ceto yau. Wannan zama na bayan magariba shi ne abin da Barira ta fi so a duk yininta.

Abin da ba ta sani ba shi ne, tun a wata na biyu Amana ta gano zuciyar Inna tana kumbura. Iskar saman tsauni ba ta da kauri, oksijin ɗinta kaɗan ne. Matashi bai cika ji ba, amma zuciyar da ta shekara saba'in a ƙasa sai ta ninka aikinta, tana yi tana gajiya. Magani ɗaya ne, a sauka daga tsaunin.

Me ya hana Amana faɗa? Doka ce, kuma Barira ce ta rubuta ta da hannunta, har tana alfahari da ita a taro. In dai ba mutuwa ce ta iso bakin ƙofa ba, na'urar ba ta buɗe sirrin jikin mutum ga kowa, ko da likita ne, sai mai jikin ya ambaci sunan wanda ya yarda da shi, da bakinsa. Ba laƙabi, ba "ɗana", ba "'yata", don kada wani ya raɓe da zumunci ya saci sirri. Doka ce mai kyau. Sai dai likitar, duk da tarin karatunta, ta manta da abu ɗaya: ita 'yar fari ce. Shekara arba'in da ɗaya tana duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", ko kuma, in tsokana ta motsa, "mai asibiti".

Kowace hantsi, bayan Barira ta fita, sai a yi ta tsakanin tsohuwa da awarwaro.

"Inna, ƙafafunki sun fi jiya kumburi. Wa zan sanar?"

"Ka gaya wa yarinyar nan mana," ta ce a karon farko, kafin ta fahimci zancen.

"Sai kin ambaci sunanta."

Inna ta dafe baki. "Kai, amma ba ka da kunya! Wa ya raine ka?"

Daga baya da na'urar ta yi mata bayanin cewa maganin shi ne a sauka, sai tsohuwa ta canza shawara. Ta san 'yarta sarai: ranar da ta ji, ranar za ta ajiye aikin shekara goma ta ɗauki jaka. Tun daga nan kunyar ta zame mata mafaka. Ta ƙunsa lalle har ya rufe faratanta da suka fara shuɗi, ta riƙa saka safa biyu wai don sanyi, ta wuni kwance don ta sami ƙarfin zaman maraice. Idan Amana ta matsa sai ta ce, "Bari ta cika shekara biyunta tukuna. Kai ma ai ɗanta ne, ka taya ta."

A wata na tara, ranar wata Laraba da la'asar, Barira tana duba marasa lafiya tare da Goggo Daso, sai awarwaronta ya yi ɗumi.

"Likita, an ba ki izinin sirrin Tabawa Ilu. Tana lambun gidanku, ta faɗi ƙasa. Jirgi ya tashi."

Sannan, kamar yadda doka ta tanada, na'urar ta sako muryar mai ba da izini. Wata siririyar murya ce mai haki, kalma ɗaya tak, an ja ƙarshenta kamar mai kiran yaro daga nesa: "Barira!"

Ba ta san lokacin da ta jefar da allon hannunta ba. Ta riga jirgin isa gida, ta tarar da Inna kwance cikin yakuwa, ƙwaryarta tana gefe a kife.

Sun ceto ta. Da numfashi ya daidaita, Barira ta zauna bakin gado ta buɗe bayanan wata bakwai: kowace safiya gargaɗi, kowace safiya tsohuwa ta ƙi. Ta karanta tana kuka, ba ta ma damu da nas-nas na kallonta ba. Goggo Daso ta dafa kafaɗarta.

"Likita, da kin tambaye mu tun farko. Ni kaina sunan maigidana bai taɓa fita bakina ba."

Barira ta ɗago a hankali. "Amana, mutum nawa ne a garin nan kike riƙe da ciwonsu saboda sun kasa ambaton suna?"

"Ɗari uku da goma sha ɗaya," in ji na'urar.

A ranar, Barira ba ta tashi daga wurin ba sai da ta sauya dokar: daga yau mutum na iya riƙe hannun wanda ya yarda da shi, awarwaro ya taɓa awarwaro, shi ke nan. Ta rubuta wa hukuma dukan abin da ya faru, ba ta rage komai ba, tana sane da cewa an gama da maganar shugabanci. Ta miƙa asibitin ga mataimakinta.

Bayan sati biyu suka shiga jirgin igiya. Rabin gari ya rako su tasha, mata suna ta cusa musu man shanu da zuma. Jirgin ya silale cikin gajimare, gonakin shayi suka yi ta ƙanƙancewa a sama, Inna na jingine da butar oksijin a cinyarta.

"Kin watsar da aikinki saboda tsohuwa," ta ce, ba ta dubi 'yarta ba. "Abin da nake gudu ke nan."

"Inna, na yi na'urar da ke jin zuciyar mutum dubu huɗu, ke kuwa bango ɗaya ne tsakaninmu ban ji hakinki ba. Wane aiki na yi?" Ta share ido, sannan ta matso tana murmushi. "Amma fa na ji kin kira sunana."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Na'urarki ce ke ƙarya."

"Akwai muryar a ajiye. In kunna miki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen taga. Sun yi nisa, har rufin gidajen ƙasa sun fara bayyana, sannan hannunta mai lalle ya lalubo na 'yarta ya riƙe gam.

"Kada ki goge," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba zan iya maimaitawa ba."