Kwaɗo a Famfon Kaka

Auta na wanke kofuna a kicin, hawaye na ɗiga cikin kumfa, sai Umma ta leƙo.

"Yau ma? Ke kam idonki ya fi famfon ƙofar gida kawo ruwa."

"Umma, kwana ashirin fa! Ko gaisuwar Injiniya Baba ba ya amsawa."

Famfon nan shi ne tushen rigimar. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta sa aka huda katanga aka fito da shi waje don maƙwabta su riƙa ɗiba. Kullum ta idar da sallar asuba sai ta ja 'yar kujerarta da carbinta ta zauna gefensa. Ta san mai jego, ta san wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, in biyu sun yi faɗa kan layi ita ke raba su. Allah sarki Kaka! Saurayin da ke gyara mata famfon ma ita ta laƙaba masa Injiniya, ita ta yi ta aiken Auta da sukundireba da ruwan sanyi har abin ya zama so.

"Ni na tsufa, na bar miki mijin nawa," in ji ta, tana dariya da ragowar haƙoranta.

Saura wata biyu biki Kaka ta rasu. Mako bai zagayo ba Baba ya ɗaure kan famfon da sarƙa da kwaɗo. Auta ta yi kuka ta roƙi Injiniya, shi kuma don kar ya ga hawayenta ya zo da zarto ya yanke kwaɗon.

"A gidana?" Baba ya daka tsawa har jijiyar wuyansa ta tashi. "Tun ban ba shi ke ba yake yanke mini kwaɗo? To na fasa! Kowa ya kama gabansa!"

Ya sayo wanda ya fi na da girma ya danna.

Auta ta kira Injiniya a waya. "Ni na ja maka, sori. Wallahi yau sai na gaya wa Baba gaskiya, wannan rowa ce!"

"Kul! Kar ki ɗaga masa murya. Ni na taɓa abin da ba nawa ba. Ki yi shiru, ki yi mana addu'a."

Umma da ta ji su ta girgiza kai. "Ba rowa ba ce, 'yar nan. Da ya ji ƙarar bokiti sai ya kasa kunne ya ji muryar uwarsa, bai ji ba. Shi ke cin sa."

Haka Auta ta haɗiye, tana kai wa Baba shayi, tana ramewa kamar tsintsiya.

Wata safiya Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da tsohuwa mai wankau tsaye gaban famfon, ta ɗaga hannu sama, ba bokiti ba komai.

"Inna, ai an rufe."

"Na sani, ɗana. Addu'a na zo yi mata, nan na saba ganin ta. Kuma dama ina son in yi maka godiya."

"Godiyar me?"

"Ruwan da kake aiko mana mana! Kullum yaron nan mai gyaran famfo sai ya turo kura tun daga rijiyar bayan kasuwa, jarka goma, ya bi mu gida-gida, mu tsofaffi. In mun ce Allah ya saka, sai ya ce ba shi ba ne, daga gidan Kaka ne, mu sa ta a addu'a da ɗanta. Jiya na ga tafin hannunsa duk ya sale."

 Shi da Kaka ta haifa ya tsare mata lada, wanda ba ɗanta ba kuma ya hana ladan yankewa! Ya dafa katanga, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta.

Ya shiga gida ya zazzage aljihu, ya birkita durowa. Mabuɗi ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.

"Auta!"

Ta fito da sauri. "Na'am, Baba."

"Kira shi. Ki ce ya zo da zarton nan nasa." Ya share fuska da hannun riga. "In ya gama, ya turo iyayensa."

Kafin hantsi ruwa ya tsinke cikin bokitin da mai wankau ta koma ta ɗauko, Auta na kuka tana dariya. Baba da kansa ya ɗauko 'yar kujerar Kaka ya zauna.

Da a ce Auta da Injiniya sun biye wa zuciya da sun rasa juna. Haƙuri ya ba su abin da gardama ba za ta ba su ba. Wanda kuma ke son mamacinsa da gaske, ba da kwaɗo ake riƙe shi ba, alherin da ya bari ake ci gaba da shi.