Akun da Ya Haddace Saƙon Neman Ɗaki

Da hantsi Auta ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki, ya ce an sace masa Lauya. Har Sajan ya miƙe yana neman hularsa. Sai da Sufeto ta zaunar da saurayin ta ba shi ruwa, sannan aka gane Lauya aku ne. Ofis ya kwashe da dariya, ban da Sufeto, don ita ta ga ƙwalla a idonsa.

Auta ma'aikacin kantin magani ne, a falon yayansa yake kwana, shi da akun. Matar Yaya ta kusa haihuwa, gida ya yi musu kaɗan. Duk inda ya ga tallar ɗaki a gidan da ake zaman haɗaka sai ya tura saƙo. To amma Allah ya yi shi da gaskiya har ta yi yawa, ƙarshen kowane saƙo sai ya rubuta cewa yana da aku. Daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Yanzu ga ɗaki ya fito kusa da wurin aikinsa. Malamin makaranta da direban motar asibiti ne a gidan, kuma yau da yamma za su zaɓi mutum na uku. Shi kuwa gogan ya rantse ba zai tura ko harafi ba sai an ga Lauya.

Sufeto da Sajan suka bi shi gida a motar ofis. Ƙofa lafiya lau, taga ma haka. Keji ya tafi, gwangwanin gyaɗar akun ma ya tafi, har da tsohon tawul ɗin da ake lulluɓa masa. Ta ce ita dai tunda take aiki ba ta taɓa ganin ɓarawon da ya damu da abincin abin da ya sata ba.

Matar Yaya na zaune tana fifita, ta ce barci take yi, ba ta ga komai ba.

Sufeto ta ce, "Wa ya fara fita yau?"

"Maigida."

"Me ya riƙe?"

"Jakar aikinsa."

Sufeto ta nuna bayan ƙofa da baki. Ga jakar nan a rataye, sifana na leƙowa. Baiwar Allah ta ƙara wa fifitarta sauri, ta ce wallahi cikin nan yana sa ta mantuwa.

Yaya bakanike ne. Suka tarar da shi a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota. Ya fito yana gaisuwa ba ƙaƙƙautawa, yana ɓoye hannun dama a baya, amma Sufeto ta riga ta hango cizon tsuntsu a yatsansa.

"Me ya samu yatsanka?"

"Sifana ce ta kuɓuce, ranki ya daɗe."

"Sifanar da ka baro a gida?"

Ya buɗe baki zai ƙaro wata ƙaryar ke nan, sai muryar Auta ta fito tar daga ɗakin ajiyar tayoyi: "Assalamu alaikum. Ni mutum ne mai tsafta. Ba na tara baƙi. Ina wanke kwanona!"

Sufeto ta juya ta dubi Auta, ga shi tsaye kusa da ita bakinsa a rufe. Kunya ta kama shi, ya ce ai kowane saƙo sai ya karanta shi da ƙarfi ya maimaita kafin ya tura. Ashe duk Lauya na ɗaukar darasi.

Ga akun can bisa tulin taya, yana ɓare gyaɗarsa hankali kwance. Auta ya rungume kejin yana dariya yana share ido.

Yaya ya zauna a kan jarka, ya faɗi gaskiya. "Na san ƙanena, ko za a yanka shi ba zai yi ƙarya ba. Shi ne na ce bari in ɗauke tsuntsun na yini ɗaya, ya rubuta ba shi da aku, kuma ya zama gaskiya ya faɗa. In ya samu ɗaki in mayar masa."

Auta ya ce ya yafe, shi ba ya ƙarar yayansa. Sufeto ta ce wannan ruwansu, ita saƙon ne ya dame ta. Ta sa shi ya fito da waya, ta ce ya daina cusa akun a ƙarshe kamar abin kunya, ya sa shi a farko. Suka ɗauki muryar Lauya yana rattabo halayen ubangidansa, Auta ya rubuta aikinsa da lokacin tashinsa a ƙasa, ya yi bismilla ya tura.

Ba su bar garejin ba wayar ta yi ƙara. Malamin makarantar ne ya amsa: "Mun ba mai maganar nan ɗaki. Kai ma kana iya biyo shi."

Murna wajen Auta ba a magana, har Sajan ya sha runguma. Sufeto ta kama Yaya ta hannun riga ta nufi mota da shi. Ta ce sata sata ce, hukuncinsa shi zai hau da katifar Auta da akwatunansa har saman bene a sabon gidan, shi kaɗai.

Yaya ya shiga baya yana dariya, ya fi kowa baki har kunne. Sai da mota ta tashi ya daina dariyar, ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Auta, gidan nan dai ba nisa ko? Ka san wanda za a haifa zai nemi baffansa."