Gwamen Motar Amal

Ran da Musbahu ya fara ganin Amal, faɗa suka yi.

A ƙarshen 2018 ne, watanni kaɗan da barin mata su yi tuƙi a Riyad. Ta shigo garejin Al-Suwaidi inda yake aikin mizan, wato daidaita tayoyi, cikin wata jar mota da yayanta ya tafi karatu ya bar mata. Tayoyin gaba sun kwanta, sama ciki ƙasa waje, sai ka ce mai gwame.

"Wa ya yi wa motar nan wannan aika-aika?" ya faɗa da Hausa, a zatonsa Balarabiya ce.

Ta sauke tabarau, ta mayar masa da Hausa. "Malam, gyara aka kawo maka ko surutu?"

Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ɗan Kano bai ja da baya ba. "Ranki ya daɗe, kwanciyar digiri uku ta filin tsere ce. Tana riƙe kwana, amma a titi cikin taya take ci. Ina kike zuwa da ita?"

"Juma'a fili, sauran kwanaki wurin aiki. Ko shi ma sai na nemi izininka?"

Ya mayar da kwanciyar digiri ɗaya da rabi, ya miƙe bakin tayoyin sambal, yadda za ta yi titi ta yi fili. Ta tafi ko sallama babu. Ranar Asabar sai ga saƙo a lambar da ke jikin rasit:

"Motar ta daina fizgar sitiyari. Kada kanka ya kumbura."

Ya amsa: "Ai ya riga ya kumbura, Direba."

To fa! Daga nan aka shiga. Kullum cikin gardama suke, amma idan yini ya wuce bai ji ta ba, abinci ba ya shigar masa. Direba ta koma "Direbata", shi kuma "Injiniyana", a ranar da ta ga dama.

Da maganar ta isa gidansu a unguwar Ulaisha, mahaifinta Alhaji Bashari ya ce sam. "Bakanike? Wanda takardar zamansa a ƙasar nan ke hannun kafil, ubangidan da ya tsaya masa? Ga Jamal ɗan aminina, kuna zuwa fili tare!"

Jamal kuwa, wayyo, ba abin da bai sani ba a duniya. Ya ƙi jinin Musbahu kamar me. Wata Juma'a ya karɓi makullin motar, wai zai sa a wanke mata, ya kai wani gareji aka mayar da kwanciyar nan, har da buɗe bakin tayoyin waje. Amal ta ji sitiyari ya sauya, ya ce iska ce kawai aka ƙara.

Bayan wata biyu, tana kan babban titi da rana tsaka, tayar gaba ta fashe. Allah ya kiyaye, motar ce kaɗai ta gogi shinge. Saƙonta ya shigo wa Musbahu:

"Saura kaɗan ka kashe ni. Na yarda da kai, ka cuce ni. Kada ka ƙara kirana."

Ya karanta ya fi sau goma. Washegari Alhaji ya iso garejin, Jamal na biye, Amal a baya ta kau da kai, aka sauke motar daga babbar motar da ta ɗauko ta.

"Yau zan ga kafil ɗinka," in ji Alhaji. "Sai ka bar ƙasar nan! Dubi ɗaya tayar, sabuwa fil, amma 'yar'uwarta ta fashe. Me ka yi mata?"

"Baba, don Allah sa hannunka ta ciki," in ji Musbahu.

Alhaji ya zura hannu, ya janye da sauri, wayar taya ta soke shi. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya cinye tas.

Musbahu ya ɗora motar a na'ura, ya dubi allo, ya girgiza kai. "Ba aikina ba ne. Wanda ya sa aka yi wannan bai san komai a kan mota ba. Wa yake yawo a titi da irin wannan kwanciya in ba jahili ba?"

"Kai ne jahili!" Jamal ya zaburo. "Digiri uku, haka ƙwararru ke yi! Da bakina na ce a sa..."

Ya kama bakinsa, amma ina!

Amal ta juyo, ido jawur. "Ashe wankin ke nan, Jamal? Wai iska aka ƙara?"

Alhaji ya nuna masa ƙofa. "Yalla, ɓace mini da gani."

Da la'asar saƙo ya shigo: "Injiniyana, na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Ya amsa: "Direbata, kuskuren ya yi mini ciwo. Amma da wani abu ya same ki, da ba sai an kore ni ba, da kaina zan tafi."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Ulaisha, ranar Juma'a. Ana ta musabaha, Alhaji Bashari ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Na yi niyyar raba ka da abincinka, ɗana, alhali kai ne kake tsare mini ran 'yata. Ka yafe mini. Ga ta nan, na ba ka amana. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Musbahu ya buɗe baki zai ce amin, hawaye suka riga shi.